Ɗantani, Mahaucin da Ya Bar Nama

Ƙanena Ɗantani yana nan da ransa, a wata 'yar bukka bakin tafkin Njuwa, yana noman alayyafo da kuɓewa. Na fara da wannan ne saboda a Jimeta akwai masu ambatonsa kamar mamaci, akwai kuma masu cewa ya taɓu. Bai mutu ba, bai kuma taɓu ba. Nama ya daina ci. Iyakar laifinsa ke nan, kuma a kan wannan laifin ɗan uwansa na jini ya raba shi da abu ɗaya da ya rage masa a duniya, wato ya zauna cikin mutane ya sa hannu a kwano ya ci hankalinsa kwance.

Mu 'ya'yan mahauta ne. Kakanmu ya biyo fatake daga ƙasar Kano da wuƙaƙensa, ya ga Jimeta ta yi masa, ya zauna. A gidanmu na Demsawo nama ya wuce abinci, magani ne. Zazzaɓi ya kama ka, a ba ka romo. Kin haihu, a kawo miki ƙauri. Yaro ya faɗi jarrabawa yana kuka, a gasa masa tsoka a toshe masa baki. Ni kaina ranar da mijina ya rasu, abin da aka fara tura mini gaba farfesun kayan ciki ne. Haka muka taso, ba mu san wata hanyar lallashi ba.

Mu uku mahaifinmu ya bari: Hamma Muhsin babba, sai ni Na'inna, sai Ɗantani auta. A cikin mazan biyu Ɗantani ne mai hannu. Zai feɗe rago ka ɗaga fatar a rana ba ka ga huda ba. Amma tun yana saurayi yana da wani hali da 'yan kwata suke yi wa dariya. Sai ya shayar da dabba ruwa kafin ya kayar da ita. Yana ɓoye wuƙa a bayansa. Ba ya yarda a yanka wata a gaban wata. Sukan ce masa, "Ango, ka gama lallashin amaryar mu samu wuri?" Ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa.

Kasuwar shanu ce ta kai shi Mubi. Matarsa ta rasu a can wurin haihuwa, ya ɗauko jaririyar, Surayya, ya kawo mini na raina, ya koma. Abokin sana'arsa wani Bafulatani ne dillalin shanu, Jalo. Tare suke kwana a ɗaki guda, tare suke ci. In sun zo Jimeta gaisuwa, Jalo ya dinga tsokanata, "Adda Na'inna, miyar nan taki gishiri ya yi yawa, amma ƙaro." Hausarsa a karye, cikinsa kuwa ba ya cika.

Shekarar 2014, bayan damina ta ɗauke, 'yan bindiga suka shiga Mubi. Duk wanda ke Yola a lokacin ya ga abin da ya biyo baya: mutane a ƙafa, ta daji, ta duwatsu, tsofaffi a baro, mata da goyo, wasu goyon ma ba nasu ba ne. Kowane gida ya cika. Ina bakin ƙofa kullum ina duba fuskoki. Da Ɗantani ya iso ban gane shi ba sai da ya ce "Adda." Ba takalmi, ba hula, ba jakar wuƙaƙen da ko masallaci ba ya barin ta nesa. Jalo ba ya tare da shi.

Me na yi? Abin da aka koya mini. Na ɗora romo. Na kawo masa da zafinsa, tururin ya bugi fuskarsa, sai ya miƙe da gudu ya durƙusa bakin magudana yana kakarin amai, alhali babu komai a cikinsa. Na ce yunwa ce. Washegari na yi farfesun kaza, haka. Sai kunu kawai ya zauna masa.

Sau ɗaya ya yi maganar. Da hantsi ne, ina tsince wake, yana zaune kan turmi yana kallon ƙasa. Ban tambaye shi ba.

Ya ce, "Adda, da wuƙata suka yanka Jalo. Ni na wasa ta da safen ranar."

Na tsaya da tsintar.

"Har ɗan ramin jinin suka sa aka haƙa, irin wanda muke haƙawa. Jalo yana kallona."

Shi ke nan. Duk mai hankali ba ya buƙatar ƙari.

Daga nan abin ya yi ta faɗaɗa. Nama ya fita, kifi ya bi. Dunƙulen ɗanɗanon nan mai hoton kaza ma ya ce in daina sa masa. Wata safiya ya fito daga bayi a guje da kumfa a jikinsa, ɗaure da zane, yana rawar sanyi da rana tsaka. Sabulun ne. Shekara da shekaru yana sayar wa masu dafa sabulu kitse, ya san warinsa ko da an lulluɓe shi da turare. Ni ban ji komai ba da na shinshina. Shi ya ji.

Surayya a lokacin tana sakandare, bakinta ba ya shiru, wayar ƙawarta kullum a hannunta. Ita ta zo da labarin wai akwai kamfanonin da suke ɗiga sabulu da man shafawa a idon zomaye don su ga ko yana da zafi. Ni na ce mata ta raba ni da shirmen waya, har yau ma ban san iyakar gaskiyarsa ba. Amma Ɗantani ya ɗago kai ya ce, "Su ma riƙe su ake yi?" Ta ce e, a ɗaure suke. Bai sake taɓa wani abu da ya fito daga kwalba ko kwali ba sai Surayya ta karanta masa bayansa kaf, in ta yi shakkar kalma guda a mayar. Daga baya ya bar su gaba ɗaya. Ya taka har Yolde Pate wurin wata mata mai yin sabulun salo, ya zauna ya ga toka, ya ga man ja, ya ga yadda take tuƙawa, sannan ya saya. Man kaɗanya ya zama man shafawarsa, asuwaki ya maye man goge baki. Takalmin fata ya koma na roba. Buzun da yake salla a kai, na ragon sunansa da mahaifiyarmu ta adana masa, ya naɗe shi ya miƙo mini ba tare da ya kalle shi ba.

To, a nan ne gari ya samu abin yi. Mutanen da suka ga yadda ya shigo garin nan, da idonsu, su ne suka raɗa masa Malam Zomo. In ya wuce wurin masu tsire sai a ɗaga tsinke, "Ranka ya daɗe, a sa maka ganye nawa?" Wasu suka ce ya shiga addinin Indiyawa. Wasu suka ce yana haramta abin da Allah ya halatta, har aka kai maganar gaban limamin unguwa. Ɗantani ya ce, "Malam, ban haramta wa kowa ba. Halal ne. Ni ne na kasa." Liman ya ce to ai babu shari'a a nan, a ƙyale bawan Allah. Na gode wa tsohon nan har gobe. Amma Hamma Muhsin bai ƙyale ba. A wurinsa abin kunya ne, ɗan gidan fawa yana tsoron tsoka. Kullum maganarsa guda: "Ciwo ne. Ranar da nama ya shiga cikinsa ya zauna, ya warke."

Akwai al'adar layinmu da ba ta mutu ba, ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, a shimfiɗa tabarmi ƙofar gidanmu, a jera kwanuka, kowa ya sa hannu a na kowa. A nan ake jin wanda ya haihu, wanda aka kora daga aiki, wanda rufinsa ke yoyo. Namijin da ba ya zaman ciyayya a layinmu kamar baƙo yake, ko da a nan aka binne cibiyarsa.

Ɗantani ya daɗe bai fita ba. A ɗaki yake ci, ya juya wa ƙofa baya. Wani dattijo maƙwabcinmu, Bappa Bobboyi, tsohon direban ma'aikatar gona, shi ya shigo wata rana har tsakar gida ya kama hannunsa.

"Tashi. Ni ma haƙori ya ƙare, nama ya fi ƙarfina. Mu biyu za mu zauna gefe mu ci ganyenmu kamar awaki."

Haka ya fara fita. Na ware masa tukunya, na ware ludayi, na saya masa koren kwano mai murfi don kada ya gauraya da na kowa. Miyar kuka, miyar yakuwa da gyaɗa, wake da alayyafo, duk da daddawa mai yawa don ta rufe gurbin nama. Na iya girki, ba yabon kai ba. Ba a daɗe ba sai ga masu kiransa Malam Zomo suna miƙo hannu cikin koren kwano, shi kuwa ba ya sa hannu a nasu, kuma aka saba da hakan. Ya samu ɗan fili a Njuwa yana noman rani. Da safe ya tafi, da yamma ya dawo da ganye a bayan keke, ya yi wanka da sabulun salonsa, ya yi salla, ya fita tabarma. Daga cikin gida nakan jiyo dariyarsa, 'yar gajeruwa, kamar tari. Wallahi wannan zaman na bayan magariba shi ya riƙe shi shekarun nan. Ba asibiti, ba rubutu, ba komai. Wannan zaman.

Babbar Salla kawai yake gudu. Ana saukowa daga Idi, kafin a kayar da ragon farko, ya hau kekensa ya tafi Njuwa, sai ƙaurin suya ya bar unguwa ya dawo. Kowa ya san haka.

Sallar bara waccan, bayan ya dawo, matar Hamma, Nahla, ta aiko mini da gwangwanin daddawa dakakkiya da yaji a ciki, wai goron Salla. Na ji daɗi har na sa mata albarka, don daddawa ta yi tsada. Na fara sa wa a tukunyar Ɗantani. Ranar farko ya ce, "Adda, miyar nan ta canza." Na ce sabuwar daddawa ce. Ya ce to. Ya yarda da ni. Da wa zai yarda in ba ni ba?

Ranar da abin ya fashe ina cikin zaure, na kawo wa masu ciyayya ruwan sha ina jiran a karɓa. Tabarma cike. Sai na ji Hamma ya gyara murya, irin gyaran da yake yi in zai ba da sanarwar ɗaurin aure.

"Auta, yaya miyar?"

"Alhamdu lillahi, Hamma."

"Ta zauna? Ba amai, ba jiri?"

"Lafiya lau."

"To jama'a ku shaida." Har da tafa hannu. "Tun bayan Salla yaron nan hantar ragon layyata yake sha. Ni na busar da ita, na sa aka daka da daddawa. Ka mutu? Ka ga Boko Haram a cikin kwanon? Ciwo ya tafi, albarkar layya ta kore shi!"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Zomo ya zama kura!" Wani ya ce a kawo masa tsire ya buɗe baki da kyau. Ban ji muryar Bappa Bobboyi a cikinsu ba.

Hamma bai gama ba. Ya zaro wani abu daga aljihun babbar rigarsa, naɗe a takarda, ya warware, ya ajiye kan tabarma gaban Ɗantani. Sabuwar wuƙa ce, ta fiɗa, mai ƙotar ƙaho. Fuskarsa cike da murna, na rantse har idonsa ya kawo ruwa.

"Ga ta, na sa an wasa maka. Gobe da asuba mu tafi kwata tare, kamar zamanin Baba."

Na leƙo. Ɗantani yana zaune, hannunsa na dama a sama da lomar tuwo, miya tana gangarowa zuwa gwiwar hannu. Ya kalli wuƙar. Ya kalli hannun. Ya ajiye lomar a ƙasa a hankali, ba cikin kwano ba, ya miƙe. Dariyar ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya je bakin kwalbati ya durƙusa, ya ɗebi yashi yana goge hannun, yana gogewa, har sai da fatar ta yi ja. Sannan ya juyo ya gan ni a bakin zaure da bokitin ruwa.

"Adda, har da ke?"

Na saki bokitin. Na rantse masa da Allah, na rantse da kabarin uwarmu, a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce, "Na yarda." Ya wuce ni ya shiga ɗaki.

Ban jira an watse ba. Na fito kan tabarmar da mayafina a kafaɗa.

"Hamma, kai mutum ne kuwa?"

"Ke Na'inna, shiga gida. Wurin maza ne nan."

"Maza? Ina mazan? Waɗannan da suke dariya da miyata a bakinsu?"

"Taimakonsa na yi. Hantar layya ce, ba mushe ba. Ke kika lalata shi da lallashi, kin mayar da ɗan mahauci akuya."

"Da hannuna ka ba shi. Da tukunyata. Ka rasa inda za ka bi sai ta wurin da ya amince? Ka san abin da aka yi da wuƙarsa, ni na gaya maka, ka sani sarai, ka wasa wata ka ajiye masa a gaba?"

Ya ce, "Ai shekaru sun wuce."

Shekaru sun wuce! Wannan ita ce maganar garin nan gaba ɗaya. An buɗe hanyar Mubi, shanu suna shigowa, an yi wa shaguna fenti, saboda haka kowa ya warke, wanda bai warke ba kuma rainin hankali ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, Hamma ba mugu ba ne. Da mugu ne da na huta, na tsine masa na wuce. Yana son ƙanensa. Har yau yana ganin magani ya bayar, maras lafiyan ne ya ƙi warkewa. Nahla ta zo tana kuka wai umarnin miji ta bi. Na miƙa mata gwangwaninta na nuna mata ƙofa.

Washegari na wanke tukunyar da toka, na sake wankewa, na yi masa kunun gyaɗa. Ya karɓa ya gode, ya riƙe kofin har ya huce. Na sayi sabuwar tukunya. Haka. Ya kai loma baki, maƙogwaro ya rufe. Gyaɗa ɗanya yake ci, da rogo in shi ya gasa, da mangwaro in shi ya tsinko. Bappa Bobboyi ya shigo sau da yawa ya kama hannunsa kamar wancan karon, amma bai tashi ba. Kafin wata ya ƙare ya ɗaure tabarmarsa da buta da sabulun salonsa a bayan keke, ya koma bukkar gona gaba ɗaya.

Can yake har yanzu. Ya rame, wuyansa kamar na zakara. Ba ya cin abin da aka daka, ba ya cin abin da aka rufe, ba ya cin abin da aka dafa a bayan idonsa. Daddawa ko warinta ba ya so. Surayya ta yi aure, takan kai masa abinci a kula, ya sa mata albarka, in ta tafi ya ba masu kamun kifi. Manoman da ke maƙwabtaka da shi suna zama ƙarƙashin bishiya da rana su ci tare, suna kiransa, ya ɗaga musu hannu daga nesa.

Ni kuma duk Juma'a nakan hau keke napep in sauka a bakin hanya, in taka zuwa wurinsa da kayan miya ɗanye. Wake da ɓawonsa, tumatir guda-guda, gishiri a ledarsa ba a buɗe ba. In hura wuta a gabansa. Yana zaune yana kallon hannuna, duk abin da zan jefa sai na ɗaga masa ya gani. Ni da na goya shi a bayana.

Juma'ar da ta wuce na tafi da koren kwanon. Tun ranar nan yana rataye a ɗakin girkina. Na dafa wake da alayyafon gonarsa, na zuba a ciki, na ajiye tsakaninmu, na wanke hannu.

"Zo mu ci tare. Ni da kai kawai. Ka ga komai da idonka."

Ya matso. Ya wanke hannu. Na fara ci don ya gani. Ya ɗebi loma, ya kai ta har leɓe, ya tsaya. Na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Muka zauna haka, ni ina tauna a hankali kamar ban lura ba, tsuntsaye suna ta kuka cikin shinkafar mutane.

Ya mayar da lomar gefen kwano.

"Na san babu komai a ciki, Adda. Ni na sani. Wuyan ne bai sani ba."

Na ce ba komai, ya ci in na tafi. Na tattara tukunyata.

Da na kai kan gaɓa na waiwaya. Yana zaune shi kaɗai ya juya wa hanya baya, kwanon a cinyarsa, yana tona waken da yatsa, yana ɗaga kowane ganye a rana yana dubawa kafin ya kai baki.

Na iso Demsawo ana shimfiɗa tabarmi. Kwanuka sun fara fitowa. A gefen da yake zama, kusa da Bappa Bobboyi, randar ruwan wanke hannu aka ajiye. Hamma ya hango ni ya ce, "Yaya Malam Zomo? Ya ci?"

Na bi ta gefen tabarmar na shiga gida.